Daɓe na Huɗu

Sau huɗu na ɗaga daɓen ɗakin Mbah Warsinah.
Karon farko da jar ƙasa, tifa biyu, bashi.
Na biyu da ɓaraguzan makarantar da ruwa ya ci.
Na uku da katako. Na huɗu ma katako,
don mota ta daina zuwa, hanya ta koma ta kifi.

Daɓe na hawa, rufi na nan inda yake.
Ƙofar da mijinta ke shiga da buhu a ka,
yau ko jikarta Lastri sai ta rusuna.
Tsohuwa ta ce, "Kasmuri, ga gida mai koya ladabi,
kowa ya zo a durƙushe yake gaishe ni,
har mai karɓar kuɗin wuta."
Ta yi dariya da haƙoranta uku. Ni ban yi ba,
ina auna tsakanin kanta da rufi: taƙi biyu.

Nan gaɓar Jawa ce ta arewa, kusa da Demak.
Inda nake ɗaure kwalekwale,
nan mahaifina ya kori tsuntsaye daga shinkafa.
Muka sare itatuwan bakin teku, muka haƙa tafkunan jatan lande,
shekara bakwai kuɗi na shigowa, kowa ya yi babur.
Can wajen birni masana'antu suka kafa bututu
suna tsotsar ruwan ƙarƙashinmu
yadda yaro ke yi wa rake.
Ƙasa ta motse, ta zauna, ta ƙara zama.

Teku kuwa ba ya gaggawa.
Da la'asar yake shigowa, ba sallama,
kamar maƙwabci mai neman aron gishiri,
sai dai shi kawowa yake.

Wani injiniya ya zo da sanda mai lambobi,
ya ce ƙasa na nitsewa, teku na tasowa.
Wanda ruwa ya kai wa wuya
ina ruwansa da ko shi ya gajarce ko kogi ne ya cika?
Liman ya ce jarrabawa ce. Na yarda.
Amma na ga bututun da idona,
gatarin da ya sare itatuwan nan kuma
yana bayan ƙofata har yau.

Ranar Alhamis muke ziyarar maƙabarta,
sai an jira ruwa ya ja.
Lastri ke tuƙi, tsohuwa na nuni da haɓa:
"Nan ne. A'a, gaba kaɗan, daidai busasshiyar bishiyar."
Ta watsa furanni,
igiyar ruwa ta kai su kan kabarin wani.
Ta ce ba komai, duk 'yan garinmu ne.

Gida saba'in ne a da. Sha ɗaya suka rage.
Sauran sun kwance ƙyamare da tagogi sun hau tudu,
sun bar wa kaguwa bango.
An ba ta ɗaki a can. Ta kwana biyu ta dawo,
wai barci ba ya ɗaukarta inda ba ta san zakaran kowa ba.

Jiya ta aiko a kira ni.
Ruwan sabon wata ya taɓa ƙafar gado,
ya jiƙa tabarmar salla.
Ta ce, "Na biyar fa?"
Na dubi rufi, na dubi tsayinta,
na ce sai an ɗage sama, an ƙara bango,
kuɗin ya fi na saniya.
Ta yi shiru tana tsince tsakuwa
daga shinkafar da aka awo a kasuwa,
ita da ta shekara arba'in tana dasa ta.
Can ta ce, "Ɗaga kawai. Ai ni ma ina ranƙwafawa."

Da asuba na ɗauko zarto.
Lastri ta riƙe mini fitila,
ruwa na lasar idon sawunmu, da sanyi,
tana tambayata
ko kakanta na ganin hasken daga can ƙasa.